Anti, in na ɗau nobel sai inji kamar nayi sata

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Dan Allah ki sakaya sunana. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin likita, ina shekara ta uku, kuma akwai babbar jarabawa a gabanmu nan da wata uku, irin wadda in mutum ya faɗi sai dai ya maimaita. Kafin in shigo makarantar nan ni mayyar karanta labarai ce, a sati ɗaya sai in cinye littafi biyu. Yanzu in na gaji da karatu nace bari in huta minti goma waya nake ɗauka, kafin in ankara awa ɗaya da rabi ta tafi a kallon gajerun bidiyo, in tashi kaina yafi da nauyi. Da naga haka sai na koma karanta nobel a waya, shi kuma in na fara babi ɗaya sai dai in ɗago inga ƙarfe biyun dare. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ko wanka zata shiga da lakca a kunne take shiga, tace min duk mintin da ba na karatun likita ba asara ne, wai in hutu nake so in saurari fodkas na likitanci. Na gwada wallahi, amma duk abin da suka faɗa wanda ban sani ba sai gabana ya faɗi inga kamar na riga na faɗi jarabawar. Hutun da ya wuce Babana ya ganni da littafin labari a hannu, bai min faɗa ba, cewa kawai yayi ashe har kuna samun lokacin wannan, maganar nan har yau tana cina. Barcina ma ya lalace, wani lokacin ina kwance zuciyata na bugawa. Anti in haƙura da karatun nishaɗi ne gaba ɗaya har in gama? In kuma ba haka ba me zan karanta, me zan saurara, kuma yaushe?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wasiƙarki sau biyu na karanta ta, na farko ina murmushi dan na ga kaina a ciki, na biyu kuma murmushin ya ɗauke saboda layin nan da kika jefa can ƙasa kamar ba komai ba, na barci da bugun zuciya, zan dawo kansa kafin in rufe. Amsar tambayarki ta farko dai a'a ce, kar ki haƙura. Akwai sauran shekaru a gabanki a makarantar, ga zaman koyon aiki a asibiti bayan nan, ga ƙwarewa in kina so, in kika ce sai kin gama zaki sake buɗe littafin labari toh ranar gamawar nan bata zuwa, likita har furfura ta fito masa da jarabawa a gabansa. Abin da zaki gyara shi ne wane abu kike ɗauka a wane irin hutu, dan hutun minti biyar daban, na bayan kin wuni a laburare daban, na lokacin kwanciya shima daban, ke kuma waya ɗaya kike miƙa wa hannu a dukkansu.

Bari in fara cire miki wani nauyi. Yadda kike kaiwa ƙarfe biyu da nobel ba wai dan ke raguwa ce ba. Wanda ya rubuta littafin sana'arsa kenan, ya yanke babi daidai inda aka buga ƙofa ba a san waye ba, ko inda yarinyar ta buɗe baki zata faɗi sirrin. Wata masaniyar halayyar ɗan adam mai suna Bluma Zeigarnik tun 1927 a Berlin ta lura cewa aikin da aka katse wa mutum bai ƙarasa ba yafi maƙale masa a rai akan wanda ya gama, marubuta kuwa sun san wannan tun kafin a haife ta. Gajerun bidiyon nan ma haka suke, sunma fi muni dan su basu da shafin ƙarshe kwata kwata, an gina su ne yadda babu inda za a ce miki nan ne ƙarshe tashi ki tafi. Ni kaina a shekarun karatuna na taɓa yin wannan aika-aikar daren tes ɗin farmakoloji, wato ilimin magunguna, nace babi ɗaya kawai dan kaina ya sarara, ina kwance wayar sau biyu tana suɓuce min ta faɗo a hanci ina ɗagata ina ci gaba, da safe na zauna gaban takarda ina iya tuno kalar rigar da matar cikin labarin ta saka ranar da aka kamata amma na kasa tuno ko ɗaya daga illolin maganin da aka tambaya. Tes ɗin dai ban ci ba, kuma ba laifin kowa bane sai nawa. Abin da na koya daga nan shi ne kafin in ɗau wani abu da sunan hutu sai na san ta inda zan fita daga cikinsa.

Hutun minti biyar zuwa goma da kike yi tsakanin karatu, wannan a ganina ba lokacin karanta komai bane, kuma ba na sauraron magana bane. Nasan ba haka kika so ji ba. Dalili kuwa, abin da kika gama cusa wa kanki yanzu yanzu, a ce rassan jijiyoyin hannu ko matakan zagayen Krebs na yadda jiki ke fitar da kuzari daga abinci, kamar sabon siminti yake bai gama kamawa ba. Jamusawa biyu, Müller da Pilzecker, tun shekarar 1900 suka nuna cewa in mutum ya koyi abu ya ɗora wani sabon abu a kansa nan take, na farkon yana raguwa. A 2012 kuma Michaela Dewar da abokan aikinta a jami'ar Edinburgh suka karanta wa wasu dattawa masu lafiya gajerun labarai, bayan wani labarin a barsu su zauna shiru ido a rufe na minti 10, bayan wani kuma a basu wasan nemo bambanci tsakanin hotuna, sai gashi labarin da aka bi shi da shiru sun fi tuna shi, har bayan kwana 7. Toh kinga minti goman da kike ganin kamar ɓata lokaci ne in kika zauna kina kallon bango, aiki ake yi miki a ciki kyauta. Ki tashi daga kujerar, ki miƙe, ki wanke fuska, ki tsaya bakin taga. Likitocin ido suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, duk bayan minti 20 na kallon takarda ko sikirin ki kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, dan tsokar da ke riƙe idonki a kan abu na kusa ta saki. In kika sauke littafin anatomi kika ɗau waya kuwa idon bai huta ba ko kaɗan, nisan ɗaya ne. Masu bin tsarin da Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, minti 25 aiki minti 5 hutu, a nan suke yawan faɗuwa, su yi minti 25 ɗin lafiya lau sannan minti biyar ɗin ya zama arba'in a waya. Wayar ki barta cikin jaka, jakar kuma ba a gefenki ba.

Inda littafi ke da gurbi shi ne babban hutu, irin na bayan kin yi awa biyu ko uku, minti 30 zuwa 40, kuma ko a nan ma ki fara da ɗan shirun nan tukuna. Abin da zaki nema shi ne rubutun da yake ƙarewa kafin lokacinki ya ƙare. Tarin gajerun labarai wanda kowanne shafi takwas ko goma ne ya rufe kansa, littafin waƙe, rubutun matafiya da suke bada labarin ƙasashen da suka je, tarihin rayuwar wani wanda kowane babi zamani guda ne, littafin tarihi ko na taurari da halittun ruwa irin wanda aka rubuta dan kowa da kowa. Akwai kuma wanda nafi so duk a cikinsu kuma mutane suna raina shi, littafin da kika riga kika karanta kina yarinya kika so shi. Kin san yadda zai ƙare saboda haka ba zai riƙe miki wuya ba, duk inda kika buɗe gida ne, kuma a watannin da komai sabo ne komai na neman ki haddace shi, akwai wani irin sanyi da mutum ke ji in ya shiga inda ya san kowa. Ki nemi na takarda in da hali, ko aro ne, dan littafin takarda ba ya kawo miki saƙon guruf ɗin aji cewa an dawo da tes baya.

Abin da zan ce ki ɗan jingine zuwa bayan jarabawa shi ne duk labarin da a asibiti yake faruwa, da littattafan da marasa lafiya ko likitoci suka rubuta kan jinya da mutuwa. Akwai masu kyau sosai a cikinsu kuma zan so ki karanta su wata rana, amma a yanzu ƙwaƙwalwarki bazata ɗauke su a matsayin labari ba, zaki tsinci kanki kina lissafin wace cuta ce wannan, me yasa ban san maganin ba. Ga kuma ciwon nan na ɗaliban likita da kowa ya sani, a karanta cuta da safe da yamma mutum ya fara jin alamunta a jikinsa. Ba sai kin ƙara masa itace ba.

Dogon nobel mai jan rai kuwa ban ce ki rabu da shi ba, rana zaki ware masa. Yamma ɗaya a sati wadda washegarinta babu lakcar sassafe, ki ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza nawa ne, ki karanta ba tare da kina satar kallon agogo da jin kunya ba. Kuma ga wata dabara da ta cece ni, kar ki taɓa tsayawa a ƙarshen babi, nan ne tarkon yake. Ki tsaya a tsakiya, inda ake bayanin yadda ɗakin yake ko ana doguwar tafiya a mota ba abin da ke faruwa. Tun kafin ki fara ki ƙirga shafukan da zaki karanta ki saka takarda a wurin, in kika iso takardar kin iso. In kika gwada sati biyu kika ga duk da haka littafin yafi ƙarfinki, toh ba abin kunya bane, ki goge shi daga wayar ko ki ba wata ajiya sai bayan jarabawa, ki zauna a kan gajerun.

Sauraro kuma inaga shi yafi dacewa da ke a wannan watannin, saboda idonki ne ke shan wahala wuni guda, kunnenki kuwa yana da sauran ƙarfi. Kar wani ya ce miki sauraron littafi ba karatu bane. A 2019 masu bincike a jami'ar California da ke Berkeley sun saka mutane a na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna sauraron labarai, sannan suna karanta labaran dai da ido, suka ga wuraren da ke sarrafa ma'anar kalmomi kusan iri ɗaya suke aiki a duka biyun. Babbar ribar sauraro ita ce yana barinki ki tashi, ki zaga harabar makaranta, ki yi wanki, ki gyara gado, jikin da ya wuni a naɗe kan kujera ya warware. A shafin intanet na LibriVox tun 2005 masu sa kai suke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare suna ɗorawa kyauta, ɗakin karatun intanet na Project Gutenberg kuma tun 1971 yake tara irinsu a rubuce, sai dai yawancinsu da Turanci da sauran harsunan Turai ne. Akwai wasannin kwaikwayo na rediyo, akwai shirye shiryen tarihi da hira da mutane masu sana'o'in da ba ruwansu da asibiti, akwai waƙoƙi. Ki sauke abin da kike so tun da rana guda biyu ko uku masu tsawon minti 20 zuwa 30, lokacin saurare ki kashe data, dan da zarar kin shiga nema kina cikin hutu toh neman ne zai cinye hutun. Sannan dan Allah kar ki ƙara masa gudu. Nasan ku, kun saba jin lakca a ninki biyu har muryar malamin ta koma kamar ta tsuntsu, in kika yi wa labarin nishaɗi haka kin maida shi wani aikin da ake so a gama.

Abu biyu ƙanana kan kunne. Waƙa mai baiti ko hira a kunne lokacin da kike karanta handawut tana rage abin da kike kamawa, dan kalmomin da kike ji da waɗanda kike karantawa wuri ɗaya suke rububin shiga, masu bincike sun daɗe da nuna haka tun shekarun 1970 da 1980, in dole sai da sauti toh mara magana. Na biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba kar ya wuce awa 40 a sati yana jin sauti mai ƙarfin desibel 80, in ya fi haka ƙarfi lokacin raguwa yake sosai, kuma wayoyi da yawa yanzu suna nuna miki wannan lissafin a saitin. Kunnen nan da shi zaki riƙa jin ɗan siririn sautin da ke tsakanin bugun zuciyar jariri, kar ki kashe shi da iyafis tun kina aji uku.

Yanzu ƙawarki. Kar ki ɗauke ta abokiyar gaba, a maganarta akwai gaskiya, maimaici yana aiki, wani masani Bajamushe Hermann Ebbinghaus tun 1885 ya nuna yadda abin da aka haddace ke zubewa da sauri a awannin farko da kuma yadda waiwayarsa lokaci bayan lokaci ke tsayar da shi. Sai dai lakcar da ke zuba a kunne mutum na cuɗa jiki tana daga cikin mafi raunin hanyoyin maimaici, tana sa ki ji kamar kin sani ne kawai saboda kunnenki ya saba da kalmomin. Wasu masu bincike biyu, Roediger da Karpicke, a 2006 sun gwada ɗalibai, waɗanda suka yi ta sake karanta rubutu sun fi tunawa bayan minti 5, amma bayan sati ɗaya waɗanda suka rufe takardar suka gwada tunowa da kansu su ne a gaba. Saboda haka in kina so ki ƙara a karatunki ki ƙara a amsa tambayoyi da zana abu daga ka, ba sai kin cike kowane lungu na ranarki da muryar lakcara ba. Fodkas na likitanci kuma karatu ne, ki saka shi a lissafin awannin karatu, da biro a hannu, kar ki kira shi hutu. Shi yasa gabanki ke faɗuwa in kin saurara, kin shiga da niyyar hutawa sai kika tarar da jarabawa.

Kuma ki duba ta da idon rahama, mutumin da ko banɗaki baya iya shiga sai da lakca a kunne, wani lokacin ƙwazo ne, wani lokacin kuma tsoro ne ya hana shi zama shiru da kansa. Ba sai kin faɗa mata haka ba. Ki ce mata kawai, ƙawata naki tsarin yana miki aiki nima ina gwada nawa, zo mu riƙa yi wa juna tambayoyi minti 30 kullum da yamma. Kinga kin bata abin da take so, ta ga ba wasa kike ba, ke kuma kin samu irin maimaicin da yafi amfani. Wa ya sani ma ko wata rana ki dawo ki tarar da littafin waƙenki a kan gadonta.

Maganar Baba ita ce nasan tafi zauna miki a ƙirji. Ki sake jinta da kyau, ashe har kuna samun lokacin wannan. Ke kin ji tuhuma a ciki, amma mai yiyuwa ne mamaki ne kawai, ko ma sauƙi ya ji da yaga 'yarsa bata zama inji ba, iyaye maza da yawa haka maganarsu take fitowa a dunƙule ko da tausayi ne a ƙasanta. In ma damuwa ce toh damuwar mai ɗawainiya ce, shi abin da ya sani shi ne karatun likita wuya gare shi kuma yana tsoron ki zame. Kar ki je masa da muhawara ko sunayen masu bincike. Ki kira shi ki bashi labarin karatunki yadda bai saba ji ba, Baba yau awa kaza nayi, mun gama jijiyoyin kai mun shiga kaza, in kaina ya ɗau zafi nakan karanta ɗan labari rabin awa in koma. Mutum in yana ganin aikin baya tsorata da hutun. In kuma hira tayi daɗi kina iya gaya masa cewa William Osler, likitan nan ɗan Kanada da yana cikin manyan malamai huɗu na farko a asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda ya shahara da kai ɗalibai koyo a bakin gadon mara lafiya, shi da kansa a 1904 ya jera wa ɗaliban likita littattafai goma na ajiyewa a gefen gado, na adabi da hikima, yace su karanta rabin awa kafin barci.

Kuma ba dan hutu kaɗai ya faɗa ba a fahimtata. Nan da ɗan lokaci zaki fara shiga wod, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya, wata tsohuwa zata zauna gabanki ki tambayeta me ke damunta ta fara miki daga rasuwar mijinta shekara huɗu da suka wuce, ta bi ta kan ɗanta da baya kiranta, sai can a minti na uku ta ambaci cewa in ta hau bene numfashinta na ɗaukewa. A 1984 wasu masu bincike, Beckman da Frankel, sun naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya suka ga a matsakaici bayan daƙiƙa 18 kacal likita ke katse mara lafiya. Wanda ya saba bin labari har ya kai inda za shi, ya saba lura da abin da mai magana ya tsallake bai faɗa ba, yana da wani abu a hannu da littafin fatoloji, ilimin cututtuka, baya koyarwa, shi yasa ma wata likita mai suna Rita Charon ta kafa shiri guda a jami'ar Columbia a shekarar 2000 inda ake koya wa ɗaliban likita karanta adabi da rubutu dan su iya sauraron marasa lafiya. Amma kar ki ɗau wannan ki maida nobel ɗinki wani kwas, ki karanta dan daɗinsa kawai, sauran zai biyo da kansa.

Da daddare rabin awar Osler ta isa, a takarda, da fitila mara haske sosai. A wani bincike da aka wallafa a 2015 daga wani asibitin koyarwa a Boston, mutum 12 sun yi dare biyar suna karatu a allon kwamfutar hannu kafin barci da wasu dare biyar a littafin takarda, daren sikirin sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su da kusan minti 10, sinadarin melatonin mai kawo barci ya ragu a jikinsu, da safe kuma sun fi jin kasala. Minti goma ba wani abu bane in aka kwatanta da abin da ke faruwa dake, naki matsalar wayar ce gaba ɗaya da abin da ke cikinta. Ki saka ta caji a can nesa da gado inda sai kin taka ƙasa zaki ɗauko, in kuma sauraro kike so ki saita ya kashe kansa bayan minti 20, ki zaɓi murya mai sanyi da labarin da kin riga kin san ƙarshensa. Barcin awa bakwai ɗin nan kin fini sanin cewa a cikinsa ne abin da kika karanta da rana yake zama daram, kuna rubuta shi a jarabawar fiziyoloji kuna cin maki sannan ku kwana biyu ido biyu, wanzami dai baya son jarfa.

Na dawo kan layin da nace. Kina kwance zuciyarki na bugawa, barci ya lalace. Yana iya zama gajiya da fargabar jarabawa ne kawai, in kika gyara dare ya wuce cikin kwanaki. Amma ki sa ido. A 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa wani nazari da ya haɗa binciken ɗaliban likita sama da 100,000 daga ƙasashe sama da 40, aka samu kusan 27 cikin 100 suna da ciwon damuwa ko alamunsa, kuma a cikin waɗanda aka ga alamun kusan 16 cikin 100 ne kawai suka nemi magani. Waɗannan duk irinki ne, masu ƙoƙari, masu ganin kamar in suka yi magana za a ce basu iya ba. In kika kai sati biyu barci bai daidaita ba, ko kika ga littafin da kike so da ma ya daina miki daɗi, ko abinci ya fita ranki, ko kuka na zuwa miki ba dalili, ko wani mugun tunani kan rayuwarki ya fara leƙowa, toh wannan ya wuce a ce wane littafi za a karanta, ki je asibitin makaranta ko wurin mai ba ɗalibai shawara, ki kuma faɗa wa mutum ɗaya a gida wanda kika yarda da shi. Bugun zuciyar ma in ya ci gaba ki bari a duba ki, a auna jininki da sauransu, kar ki zauna kina yi wa kanki ganewar cuta daga littafi.

Daren yau dai abu ɗaya nake so ki yi, ki kai wayar can ƙarshen ɗaki, ki aro littafin takarda ko da siriri ne, ki saka takarda a shafi na goma sha biyar. Bayan sati biyu ki rubuto min ƙarfe nawa kike barci yanzu, da abin da Baba yace da kika kira shi.